Fitilar Baba Ilu a Ƙarshen Dakali

Jama'a, assalamu alaikum. Da za a ce mini yau in zaɓi abu guda da za a kankare daga cikin abin da na aikata a duniya, wallahi ba zan tsaya dogon tunani ba. Ƙaryar da na yi wa wani dattijo ce, na ce ya saci wayar lantarki, alhali ko taƙi ɗaya bai taɓa ba. Ni na sa aka kira shi ɓarawo, kuma da wannan sunan ya shiga kabari. Abin da ya same ni bayan haka shi ne zan gaya muku, na kuma rantse da Wanda raina ke hannunsa ban ƙara masa ko gishiri ba. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya zo ya dubi ƙafata ta hagu.

Abin ya faru a Kaduna, shekarun nan da aka canja hannun tuƙi aka kuma bar sule da fam aka koma naira. Ina da shekara talatin da 'yan kai a lokacin, ina haya a Unguwar Shanu, ina da kekena da matata da 'ya'ya biyu. Ni ba mai zurfin boko ba ne, aji huɗu na yi a garinmu ta wajen Katsina, sannan na koyi aikin wuta a hannun wani maigidana har na ƙware, na kai in an ba ni gida sai in ɗaura masa waya tun daga soro har kicin ba wanda ya duba mini. To sai wani ɗan kwangila, ba zan faɗi sunansa ba, ya samu aikin sa fitilun lantarki a dakalin tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ke wannan ƙetaren kogi, ya ɗauke ni helluma, ya ba ni leburori shida. Ofisoshin tashar suna da wuta tun da daɗewa, amma dogon dakalin nan da fasinja ke tsayawa su jira jirgi, har lokacin fitilun kananzir ne rataye a turakun katako.

Mai kula da fitilun shi ne Baba Ilu, wani gajeren dattijo Bazamfare, kullum jikinsa na warin kananzir, babban yatsansa na dama ya yi baƙi ya yi kanta saboda murje lagwani. Da la'asar sakaliya za ka gan shi ya jera fitilun a ƙofar sitonsa yana goge gilashi yana zuba mai, kafin magariba ya saɓi ɗan tsaninsa ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya. Amma fitilar ƙarshe ba ya rataye ta. Riƙe ta yake a hannu, ƙasa-ƙasa daidai gwiwa, ya je can ƙarshen dakali ya tsaya duk lokacin da jirgin yamma zai shigo. Dalili kuwa, daidai inda dakalin ya ƙare akwai wani rami mai zurfi da aka gina da siminti, inda da ake zubar da tokar jiragen kwal, an daina amfani da shi amma ba a cike ba. Kun san halin mutanenmu in jirgi ya shigo, kowa sai ya kwasa da gudu wajen taragun baya neman wurin zama, kaya a ka, goyo a baya, ba mai kallon ƙasa. To shi Baba Ilu sai ya tsaya a bakin ramin yana kaɗa fitila yana cewa, "Dakali ya ƙare! A tsaya nan!" Ba wanda ya rubuta masa wannan a cikin aikinsa, shi ya ɗora wa kansa, kuma duk 'yan dakon tashar sun shaida tun da yake tsayawa ba a taɓa ciro mutum daga ramin ba.

Yanzu ga inda na ɓata. Takardar zanen aikin da aka ba ni, duk awon cikinta da mita aka rubuta, don lokacin ne aka fara cewa a bar ƙafa da yadi. Ni kuwa tef ɗina na ƙafa da inci ne, da shi na girma. Na taɓa jin wani a teburin mai shayi yana cewa ai mita sabon sunan yadi ne kawai, Turawa ne suka so wahalar da mu, ni kuma na riƙe wannan. Zuciyata ta ɗan raya mini in tambaya, amma helluma guda, mai leburori shida, ya je ya ce bai san mita ba? Kai, na ce ina. Na lissafa da yadi, na je wani shago a Doka aka yanko mini wayar a kan lissafina, na auna tsakanin turakun ƙarfen da yadi, muka haƙa muka kafa muka zuba siminti. Kowane turke ya gaza da ɗan kaɗan wanda ido ba zai gani ba, amma da muka kai na ƙarshe sai ga shi ya tsaya kamar taku goma sha biyar kafin ƙarshen dakali, waya kuma ta ƙare ƙat. Wato daidai wurin ramin nan, nan ne haske ba zai kai ba.

Na gane abin da na yi tun kafin simintin ya bushe, na yi gum da bakina. Baba Ilu ne ya faɗa, a gaban leburorina da wata Inna Kulu da ke sayar da tuwo a bakin ƙofar tasha.

Ya ce, "Helluma, wutakka ba ta kai ba."

Na ce, "Baba, ka iya karanta takarda ne?"

Ya ce, "Ban iya ba, ɗana. Amma dakalin ga na san shi, tun kana goye nike taka shi. Turken ƙarshe nan ya kamata shi tsaya, inda nike tsaye."

Wani lebura mai surutu ya ce, "Helluma, ko dakalin ne ya ƙara tsawo da muka tafi salla?" Suka kwashe da dariya, har Inna Kulu tana tafa hannu.

Wallahi dattijon nan bai yi dariya ba. Ya jawo ni gefe ya ce mu tafi tare wurin mai kwangila a ƙaro waya, kuskure ba abin kunya ba ne, shi ma ya sha fasa gilashi. Ni kuwa dariyar nan ta riga ta hau mini ka. Na fizge hannuna na ce masa tsoho mai warin kananzir, baƙin ciki yake yi don lantarki zai raba shi da tsaninsa. Ya dube ni kawai ya koma wajen fitilunsa.

Kwana biyu sai ga ɗan kwangila ya zo duba aiki. Ya taka dakalin ya dawo fuskarsa kamar hadari, ya ja ni ofishin shugaban tasha yana faɗa, ina sauran waya, wa ya ce in matse turaku? A nan Shaiɗan ya ba ni amsa tun kafin in nema. Wayar a siton Baba Ilu muke ajiye ta, shi ke da makulli. Sai na ji bakina yana cewa ai cikakkiya na kawo ta, da na zo warwarewa na tarar an yanke, shi ya sa na matse turakun don in rufa wa tsoho asiri.

Aka kira shi. Ya shigo yana goge hannu da tsumma, aka maimaita masa abin da na ce. Bai kalli shugaban tasha ba, bai kalli ɗan kwangila ba, ni ya kalla.

Ya ce, "Ɗana, ka dubi Allah."

Na ce, "Baba, abin da na gani na faɗa."

Sai ya kwance makullin daga igiyar wuyansa ya ajiye a kan tebur, ya ce, "To. Na bar ka da Wanda ba ya kuskuren awo." Ya fita.

Ban zaci abin zai wuce kora ba, ashe har ɗakinsa za a je bincike. Unguwarmu ɗaya da shi, layi uku tsakani, aka fito da tabarmarsa da akwatin matarsa tsakar gida maƙwabta na leƙe, ba a samu ko guntun waya ba, amma suna ya riga ya manne. Da kunnena na ji yara na bin sa suna waƙa, ɓarawon waya, ɓarawon waya, ni ina kan keke na sunkuyar da kai na wuce.

Tashar kuwa ta juya mini baya. 'Yan dako in na yi sallama sai su ci gaba da hirarsu. Leburorina suna aiki amma ba mai kallon idona. Na je wajen Inna Kulu da rana na miƙa kwano, ta ce tuwo ya ƙare.

Na ce, "Inna, ga shi nan cike da tukunya."

Ta ce, "Wannan na masu tsoron Allah ne. Matsa mini, kana tare wa mutane hanya."

Maimakon wannan ya sa in yi nadama, sai ya ƙara mini ƙiyayyar tsohon, kamar shi ya zalunce ni. Abin da ya fi ƙona mini rai, bai daina zuwa ba. An sauke fitilun kananzir tun ba a kunna sababbin ba, an ce ƙarin waya sai an aiko, ramin kuma an ce za a cike ba a cike ba, sai ga Baba Ilu kullum da magariba da fitilarsa ta gida, ya saya mata kananzir da kansa, ya je ƙarshen dakali ya tsaya yana kiran nan nasa. Duk wanda ya gan shi ya san me tsayuwar ke nufi: wutar helluma ba ta kai ba. Na sa maigadi ya kore shi, ya zagayo ta bayan shinge. Rana ta huɗu na je da kaina, na ce masa ɓarawo ba ya shiga tasha, na sa ƙafa na shuri fitilar, gilashin ya tarwatse a kan siminti. Kun san abin da ya yi? Durƙusawa ya yi yana tsince gutsattsarin gilashin ɗaya-ɗaya yana zubawa a hularsa, don kada mai ƙafa ba takalmi ya taka. Da ya gama ya tashi ya tafi. Daga ranar ban sake ganinsa ba, na ce alhamdu lillahi na huta, ban ko tambayi lafiyarsa ba.

Kamar kwana goma bayan nan aka sa ranar kunna sababbin fitilu. Ɗan kwangila ya gayyato wasu manya da manyan riguna, aka jera musu kujeru a barandar ofis. Damina ce, tun la'asar gari ya haɗe, jirgin Kudu kuma ya yi latti, dakali ya cika maƙil da masu zuwa Zariya da Kano. Ana idar da sallar magariba aka ce in danna makunni, na danna, dakali ya yi fes kamar rana, aka yi tafi, ɗan kwangila har da dafa mini kafaɗa. Can ƙarshe kuwa duhu ne, amma daga baranda ba ya nunawa.

Sai ruwa ya tsuge. Muka ji kukan jirgi ya ƙetaro gada, yana shigowa yana huci, kuma wallahi daidai lokacin da ya fara jan birki, ɗif, wutar gari ta ɗauke. Duhu ya rufe kamar an kife mu da ƙwarya. Mutane ba su fasa ba, suka kwasa da gudu wajen taragun baya yadda suka saba, ina jin takunsu da kukan yara da ƙarar kwanuka, gabana ya faɗi don na san inda suka nufa.

A nan na ga fitilar. Can ƙarshe, ƙasa-ƙasa daidai gwiwa, tana kaɗawa hagu da dama, ruwan nan kamar da bakin ƙwarya amma harshenta bai ko girgiza ba. Na kuma ji muryar, ta rufe ƙarar ruwa da ta jirgi: "Dakali ya ƙare! A tsaya nan!" Jama'a suka ja tunga, na gaba suna tura na baya.

Mai hankali da ya gode wa Allah. Ni abin da ya zo mini shi ne tsohon nan ya zaɓi ranar da manya suka zo don ya tozarta ni. Jinina ya tafasa, filayar aikina a hannu, na kutsa cikin mutane ina bangaje su ina zagi, niyyata in fasa fitilar nan karo na biyu, in ya yi magana in haɗa da shi. Na wuce turkena na ƙarshe, na wuce sahun mutanen da suka tsaya, wata mata har ta riƙo mini riga na fizge. Fitilar na gabana kamar taku biyar. Na matsa, sai na ga ta ɗan ja baya. Na ce au, guduwa za ka yi? Na ƙara sauri, ta ƙara ja baya, sannu a hankali, yadda mutum ke ja da baya yana kallonka. Kuma ku lura da wannan, don ni sai daga baya na lura: tun da na fito daga cikin mutane, kiran ya tsaya. Kowa an ce masa ya tsaya, ni ba a ce mini ba. Zuciyata ta ce tun da yana tsaye a can ai akwai ƙasa a can, na ɗaga ƙafa na taka, babu komai.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina faɗuwa ba, na dai ji ƙafata ta hagu ta yi ƙas a ƙarƙashina, bakina ya cika da ruwan toka. Na yi rigingine a gindin ramin. Sai haske ya sauko a kaina. Na ɗaga ido, ga fitilar a tsakiyar bakin ramin, inda babu abin takawa ko na kaza, an miƙo ta ƙasa ana haska mini fuska. Ban ga jiki ba, ban ga fuska ba, hannu kawai na gani riƙe da mariƙin, da babban yatsan nan baƙi mai kanta. Warin kananzir ya cika ramin har ya fi warin toka. Kuma gilashin fitilar, jama'a, duk tsagu ne, guntu-guntu a manne da juna kamar an tsinto an jera.

Muryar ta ce, a hankali, ba faɗa ba tausayi, "To, helluma. Yanzu ka auna?"

Hasken ya mutu.

'Yan dako ne suka ciro ni da igiya. Aka kwantar da ni a barandar ofis ina cewa a kama Baba Ilu, shi ya ja ni, yana nan bayan shinge. Mutane sai kallon juna suke. Inna Kulu ce ta ratso ta tsaya a kaina, mayafinta sharkaf.

Ta ce, "Wane Baba Ilu? Shekaranjiya da hantsi aka kai shi. Tun ranar da ka fasa masa fitila ya kwanta bai tashi ba. Kowa a tashar nan ya je gaisuwa, kai ne kaɗai ba a gaya wa ba, don ba mai son ganinka a ƙofar gidan."

Na tambayi mutane da yawa daga baya. Duk wanda ke dakalin ya ga haske ya ji kira, shi ya sa suka tsaya, amma ba wanda ya ga mai riƙe da fitilar, kowa ya ɗauka wani ma'aikaci ne. Maganar cikin rami kuwa ni kaɗai na ji. Na san mamaci ba ya dawowa, malamai sun gaya mini, wani ya ce aljani ne ya ari kamarsa, wani ya ce buguwar kai ce. Na ce to buguwar kai ce ta tsayar da mutum ɗari? Ni dai ban sani ba, Allah ne masani.

Wata uku na yi wajen mai ɗori, ƙafar ta kama a karkace. Da na fara takawa da sanda na je gidan, na yi sallama, babban ɗansa ya fito, wani direban babbar mota. Na durƙusa a ƙofar soro na gaya masa duk gaskiya, na mita da yadi da komai, na ce a yafe mini.

Ya ce, "Mu za mu yafe? Mu aka ce wa ɓarayi? Wanda za ka roƙa yana maƙabarta, je ka same shi. Ranar da zai cika, abin da ya tambaye ni shi ne ko an sa wani ya tsaya a bakin ramin. Tashi ka bar mana ƙofa."

Ya kamata daga nan in wuce tasha in tara 'yan dako da shugaban tasha in faɗa a bainar jama'a. Ban yi ba. Na ji tsoron a ce ban iya aiki ba, na tattara iyalina muka koma Malali, na ci gaba da ɗaura wa mutane waya. An ƙaro turke, an cike ramin, waɗanda suka san Baba Ilu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, wasunsu har suka tafi suna kokwanto ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. To ga shi na rubuta da hannuna tun ina da sauran numfashi: Baba Ilu mai fitila bai saci waya ba. Ni ne ban san mita ba, na ji kunyar tambaya.

Har yau in an ɗauke wuta da magariba nakan ji warin kananzir a ɗakina, alhali shekara da shekaru ba a shigo da shi gidana ba. Jikokina sun ce su ba sa jin komai. Ni kuwa ba na motsawa daga inda nake zaune sai haske ya dawo, ko da fitsari ya matse ni, don ban yarda da ƙasar da ke gabana ba.

Ina roƙonku don Allah, in ba ku san abu ba ku tambaya, ko da za a yi muku dariya, dariya kwana ɗaya take yi. In kun ɓata aiki ku ce ni na ɓata, kada ku waiwaya ku nemi wani mara ƙarfi ku jingina masa. In kuma kun riga kun yi, ku tashi yau ku je ku same shi tun yana iya amsa muku sallama. Ni na je na tarar an riga an kai shi. Ku sa Baba Ilu a addu'a, ni ma in kun ga da hali.